Cinikin Yalwa da Mai Agogo

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya sa mata nisa, Ya raba wa bayi kwana ba tare da an taya ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni ce Yalwa, matar Madugu marigayi, wadda aka sani a kasuwannin ƙasar Wambara tun daga bakin teku har inda hanya ta gaji ta tsaya.

Zan faɗi abin da na rasa da abin da na samu tun yanzu, kada wani ya faɗa a madadina ya ƙara gishiri. Na rasa miji, na rasa raƙuma, na rasa ɗan fari, na rasa barcin kirki. Abin da na samu suna ne. Har gobe in mace ta ƙi tayi a kasuwa sai ka ji an ce mata, "Ke Yalwa ce?" To ku ji yadda aka yi.

Wambara tana bayan tekuna uku. Wata biyu jirgin ruwa ya yi da mu, ni da Madugu da raƙumanmu, ina goye da ɗan fari. Ƙasa ce ja wur kamar an barbaɗa garin barkono, komai nata kuma a juye yake. Itatuwanta ba sa zubar da ganye, ɓawo suke tuɓewa kamar maciji. Akwai wata dabba mai kan barewa, tana tafiya da tsalle a kan ƙafa biyu, goyonta a gaba cikin aljihun da Allah Ya ɗinka mata a ciki. Akwai tsuntsun da ke dariya irin ta tsohon da ya ga ka faɗi a taɓo. Ranar da na fara jin sa har zaginsa na yi.

Nasara ne suka ci ƙasar. Suka zubo fursunoninsu, suka zubo tumaki, suka zubo masu haƙar zinariya. Da suka ga dawakinsu ba sa jure ƙishirwar dajin, sai suka nemi masu raƙuma, abin da ya kawo mu ke nan. Muna kai gari da shayi da gishiri sansanonin zinariya. Madugu shi ke ja, ni ke ciniki, domin shi, Allah Ya jiƙansa, in ka yi masa murmushi sai ya ba ka raƙumi da akalarsa.

Ni kuwa a hannun uwata na koyi kasuwa. Takan ce, "Tayin farko gaisuwa ce, ba ciniki ba. Ki ce albarka, ki juya, ki yi taku bakwai. Mai son kaya ba zai bari ki kai na bakwai ba." Shekara ashirin ina haka a Wambara, da Nasara da baƙi da kowa, ba a taɓa barina na kai na bakwai ba.

Sannan masu tumaki suka fara kewaye rijiyoyi da waya. Wata shekarar fari muka iso rijiyar da muka saba shayarwa, muka tarar an ɗaure ta. Raƙuma suna kuka. Madugu ya yanke wayar. Yaran mai tumakin suka harbe mana raƙuma shida a bakin ruwan, shi kuma aka kai shi kurkuku fasa dutse. Bai cika wata huɗu ba ya rasu.

Ɗan nawa ya riga ya zama mutum a lokacin. Ba zan kama sunansa ba, ɗan fari ne, amma mutane Guguwa suke ce masa, ni ma haka zan ce. Ban gama takaba ba ya ƙone rumbun ulun mai tumakin, ya kore masa dawaki, ya faɗa daji. Can ya haɗu da fursunonin da suka gudu daga sarƙa. Suka riƙa tare keken zinariya da na wasiƙu. Shekara biyu suna yi ba su zubar da jinin kowa ba. Talakawa suka sa shi a waƙa, hukuma ta sa shi a takarda: duk wanda ya gan shi ya harbe, duk wanda ya ba shi ruwa a ɗaure.

Wata safiya aka kira ni garin Bakin Waya, wurin shugaban 'yan sandan doki. Mai Agogo muke ce masa, saboda ba ya magana da mutum sai ya buɗe agogon aljihunsa ya ajiye a tebur. Tafintansa Ilu ne, ɗan wani mai raƙumi da muka zo jirgi ɗaya.

Ilu ya ce, "Gwaggo, ya ce ɗanki bai kashe kowa ba tukuna. In ya zo da ƙafarsa kafin tsayuwar sabon wata, shekara bakwai zai yi a kurkuku, ba igiyar rataya. Ki dangwala yatsa a takardar nan, ya janye mutanensa, ki je ki taho da shi. Ya ba ki daga nan zuwa doguwar allurar agogon can ta miƙe."

Na yi murna a zuci. Shekara bakwai, ai zai fito bai kai talatin ba. Amma uwa ba ta nuna zumuɗi a kan ɗan fari a gaban maza. Sannan kasuwa ta yi magana a kaina: wanda ya kira ka har ɗakinsa ya taya, shi ke da buƙata. Shekara biyu yana bin ƙura ya kasa kamawa. In ya fara da bakwai, a uku zai tsaya.

Na gyara mayafi na ce, "Albarka."

Ilu ya dube ni. "Gwaggo, me zan ce masa?"

"Ka ce albarka. Shekara uku, a biya ni raƙumana shida."

"Gwaggo, nan ba rumfar gishiri ba ce."

"Kai aka kira ko ni? Tafinta aka ɗauke ka ko waliyyi?"

"Wallahi mutumin nan bai san albarka ba. In na juya masa, a'a kawai zai ji."

"Ɗan nan, ina ciniki da Nasara tun kana tsotson yatsa. Faɗa masa."

Ya faɗa masa. Mai Agogo bai ɗaga kai ba. Na miƙe, na juya, na fara taku a hankali yadda na saba. Uku, huɗu. A na biyar na ɗan tsaya kamar takalmina ya zame. Shida. Bakwai ya kai ni bakin ƙofa. Abin da na ji a bayana ƙarar rufe murfin agogo ne kawai.

Na zauna a gindin itace ƙetaren hanya har la'asar sakaliya. Ilu ya fito ya durƙusa kusa da ni.

"Gwaggo, ki koma ki ce kuskure ne. Zan ce ni na juya maganar ba daidai ba."

Na ce, "Wadda ta koma da ƙafarta ta karya kayanta. Gobe zai aiko."

Kwana uku ba wanda ya aiko. Na ce to, in je in ga yaron, in na dawo da bakinsa a hannuna cinikin zai fi ƙarfi. Na ɗaura wa tsohuwar taguwata siridi, na cika salkuna biyu, na nausa arewa.

A rana ta biyu na lura da ƙura a bayana. In na tsaya ta tsaya, in na tashi ta tashi. Ashe ni aka mayar akuyar ɗaure, a bi ni har ramin kura. Sai na bar hanya na nufi Farin Tafki.

Farin Tafki ba ruwa ba ne, gishiri ne shimfiɗe, tafiyar yini guda, fari fat har ido ya yi ƙwalla. A samansa ɓawo ne kamar ƙanzo, a ƙarƙashi baƙin taɓo marar gindi. Madugu ya taɓa gaya mini tafin raƙumi mai faɗi ne, ɓawon yana ɗaukarsa, amma kofaton doki huda shi yake yi. Na sauka na ja akala, na shiga da bismilla. A tsakiyarsa na ga garuruwa rataye a sama, kawunan gidajensu a ƙasa, da ayarin raƙuma masu ƙafafu kamar giginya suna tafiya a kan iska. Ban kula su ba. Da na waiwaya, sai ga 'yan sanda shida sun biyo ni, dokin na gaba ya nutse har ƙirji, sauran suna jan sa da igiya suna ashar. Na ɗaga musu hannu na ce a sauka lafiya. Ranar na ji daɗin kaina ƙwarai.

Bayan tafkin duwatsu ne jajaye, ba inuwa, ba tsuntsu. Salka ɗaya ta tsage, ɗayar ta ƙare. A rana ta uku harshena ya zama kamar ƙirgi, taguwa ta durƙusa ta ƙi tashi. Nan wata tsohuwa ta fito daga tsakanin duwatsu, baƙa siririya, kanta fari. 'Yar asalin ƙasar ce, cikin mutanen da Nasara suka kora daga rijiyoyinsu tun kafin zuwanmu. Ba na jin bakinta, ba ta jin nawa. Na nuna maƙogwarona, na fito da taba da sukari na ajiye a gabanta, don ni ban iya roƙo ba, saye na iya. Ta dubi kayan ta yi dariya, ta ture su da ƙafa, ta kama hannuna.

Ta kai ni gindin wani dutse mai kama da raƙumi a durƙushe. Ta janye wani falalen dutse, sai ga tsaga, ruwa a ciki mai sanyi kamar na randar ƙasa, da 'yan kifaye farare marasa ido suna yawo. Na sha, na shayar da taguwa da ƙwarya. Da muka gama ta mayar da dutsen, ta share sawunmu da reshe, ta ɗora yatsa a leɓena, ba nata ba. Na gyaɗa kai. Ruwan da ya rage wa mutanenta ke nan a duk wannan yanki, kuma da izininta su Guguwa suke sha. Ita kaɗai ce mutumin da na taɓa karɓar abu a hannunta ban biya ba. Ta nuna mini wani kwazazzabo da haɓa.

A can na same su, su huɗu. Waƙa ta ce zinariya suke shimfiɗa su kwanta. Ni damo na tarar suna gasawa. Wani Banasare mai jan gemu, bayansa duk tabon bulala, shi ya fara tarye ni da karyayyar Hausa. "Sannu Inna, sannu Inna, Guguwa uwa ya zo." Jan Gemu suke kiransa, shekara tara ya yi a sarƙa saboda tunkiya ɗaya.

Ɗan nawa ya zo ya durƙusa. Na dubi gefe.

"Ka rame," na ce.

"Inna, kin sha hanya."

Bayan na ci damon, na ba su labarin Mai Agogo, ina yi ina ƙawatawa, har da yadda na gyara mayafi. Na zaci za su yi dariya. Ba wanda ya yi.

"Shekara bakwai ya ce, Inna?"

"Bakwai. Na ce albarka."

Ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke. Sannan ya ce, "Da goma ya ce ma da na zo. Rabona da in tuɓe takalmi in kwanta wata takwas ke nan."

"Zai sauko. Ni na san kasuwa."

"Su ba sa saukowa, Inna. Hawa suke yi."

Jan Gemu ya ce, "Inna, alƙali namu, ya ce bakwai, kai ce a'a, gobe sha huɗu. Ni ya sani. Baya nawa ya sani."

Tun da nake ba a taɓa gaya mini na yi asarar ciniki na yarda ba sai ranar. Muka shirya: zan koma in karɓi bakwai ɗin, shi kuma zai biyo ni a baya, ya jira a wata rusasshiyar rijiya kusa da Bakin Waya, ba bindiga, har in kawo masa takarda.

Da hantsi ina ɗaura siridi muka ji harbi. Ashe biyu daga cikin 'yan sandan nan sun kewayo tafkin ta gefe, suka tsinci sawun taguwata a bakin duwatsu, suka ci karo da Jan Gemu yana kiwon dawaki. Suka harba, ya rama. Ɗaya ya faɗi bai tashi ba, ɗayan ya tsere. Shekara biyu yaran nan suna kiyaye hannunsu daga jini, sawuna ya kawo musu shi har gida.

Duk da haka ɗan nawa ya ce in tafi. "Ba ni na harba ba, Inna. Ki gaya masa. Zan jira a rijiyar."

Kwana tara na yi kafin in isa Bakin Waya. Wata ya riga ya tsaya. Na shiga ban jira an yi mini iso ba, na ce wa Ilu, "Gaya masa na sallama. Bakwai ɗin."

Mai Agogo ya buɗe agogo ya ajiye. Ya yi magana a hankali.

Ilu ya ce, "Ya ce bakwai ta tafi da tsohon wata, kuma yanzu akwai gawa. Dokarsu ta ce in ɗaya ya harba duka sun harba. Amma ya san ba mai rayuwa a bayan Farin Tafki sai da ruwa. Ki nuna musu inda suke sha, shi kuma ya tsaya wa ɗanki: ɗaurin rai da rai a tsibiri, ba igiya."

Zan so in ce muku amanar tsohuwar nan ce ta riƙe mini baki. Rabi ne kawai. Ɗaya rabin, Allah Ya gani, kasuwa ce ta sake raɗa mini: ga shi ya sake tayawa, ashe kina da kayan da yake so.

Na ce, "Ruwan ba nawa ba ne. Amma in ya ce shekara ashirin, sai in yi tunani."

Ilu ya rufe ido. "Gwaggo, don girman Allah."

"To ka ce ya ba ni kwana biyu in yi shawara."

Ya ba ni. Kwana ɗaya aka ci a ciki. Yaran wani mai tumaki suka je duba rusasshiyar rijiya, suka tarar da mutum zaune ya tuɓe takalmi, ba bindiga, yana jiran uwarsa. Suka ɗauro shi a bayan doki suka shigo da shi gari da azahar, mutane suna kallo.

Shari'ar ba ta kai tsawon dafa wake ba. Aka ce rataya, ranar Alhamis.

An bar ni na gan shi ta tsakanin ƙarafa. A ranar na dubi fuskarsa sosai, abin da ban yi ba tun yana goye.

Ya ce, "Inna, kin ci abinci?"

"Kai za ka tambaye ni?"

"Na ga kin rame ne." Ya ɗan yi murmushi. "Kada ki sa abin a ranki. Kwana ne ya ƙare."

"Bakina ne ya ƙarar da shi."

"To in kina son ki yi mini wani ciniki, ga guda. Waɗanda suka mutu a hannunsu, a bayan kurkuku suke turbuɗe su, su zuba musu farar ƙasa mai cin nama, ba wanka, ba salla, ba alƙibla. Haka suka yi wa Baba, wani fursuna ya gaya mini. Ita kaɗai nake tsoro, Inna, ba igiyar ba."

Na koma wurin Mai Agogo. Na ce ga sauran raƙumana. Na ce ga ni, a ɗaure ni a madadinsa. Na cire mayafi na durƙusa a gaban Banasare, ni Yalwa. Na ce zan nuna ruwan, a bar shi da ransa kamar yadda aka ce.

Ilu ya juya masa, ya juyo mini da amsa. "Ya ce ran ya fita hannunsa, alƙali ya riga ya sa hannu. Amma Jan Gemu da sauran biyun suna daji, har yanzu yana son ruwan."

"Me zai bayar?"

Ilu ya kau da kai.

"Ɗan nan, me zai bayar?"

Ya faɗa mini. Ban gyara mayafi ba, ban juya ba, ban yi taku ko ɗaya ba. Na miƙa yatsa aka dangwala.

Ranar Alhamis aka rataye shi. Da la'asar masu raƙuma suka tsaya sahu biyu a bayan gari, Ilu ya ja salla. Ranar Asabar na hau taguwa, 'yan sanda goma sha biyu a bayana, na kewaya da su gefen Farin Tafki har dutse mai kama da raƙumi. Da hannuna na janye falalen. Suka yi kwanto kwana huɗu. Jan Gemu ya zo da salka a kafaɗa, a nan aka harbe shi ya faɗi, sauran biyun aka kama su. Kafin mu taso an fara kafa turakun waya.

Tsohuwar tana tsaye a kan dutse tana kallonmu, da mata uku da 'ya'yansu a bayanta. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga hannu ba. Ta dube ni har na sunkuyar da kai, sannan suka juya suka nufi inda na san babu ruwa. Na yi shekaru ina tambayar matafiya, ba wanda ya sake ganinsu.

Iyakar labarin ke nan, Allah Ya yafe mana abin da muka sani da wanda muka yi da gangan. In wani ya tambaye ku a kan nawa Yalwa ta sayar da ruwan da aka ba ta kyauta, da mutum uku da suka kira ta Inna, kada ku rage, kada ku ƙara. Ku ce gawa ɗaya, da farin alawayyo kamu goma na likkafani, da izinin wanka da salla kafin rana ta faɗi. A kan haka na sallama.